Mota ta buge ni ta baya, hoto ya ce babu karaya, amma wuyana ya ƙi juyawa

Tambaya: "Mako uku ke nan, ina tsaye a danja wata mota ta bugi tawa ta baya. Ba wani bugu mai ƙarfi ba ne, bamba ce kawai ta lotsa. Na fito da ƙafafuna, har muka tsaya muka yi magana da mai motar. Washegari na tashi wuyana ya sanƙare, ƙeyata tana sara. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, aka ba ni magani da kwalar wuya. Har yau ina sanye da kwalar dare da rana, in na cire sai in ji kamar kaina zai faɗi. Ciwon kai bai bar ni ba, barci ma ya gagara, 'yan gidanmu kuma sun fara cewa raki ne. Ko akwai abin da ya karye da hoton bai gani ba? Yaushe zan warke? Shekarata 38."

Malam, sannu da jiki. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya kiyaye na gaba.

Bari in fara cire maka wannan ƙayar: ba raki kake yi ba. A aikina na fisiyo, wato jinyar ciwon tsoka da gaɓa ta hanyar motsa jiki, labarin nan naka na ji shi sau da yawa, kusan kalma da kalma, har da bambar da ta ɗan lotsa da 'yan gidan da suka fara gajiya. Abin da ya same ka muna kiransa fizgar wuya. A takardar asibiti za ka ga an rubuta sunansa na Turanci, wiflash, ma'anarsa zabgar bulala. Wani likitan ƙashi ɗan Amurka mai suna Harold Crowe ne ya fara amfani da kalmar a 1928, yana kwatanta yadda kai ke yin baya sannan ya dawo gaba kamar bakin bulala. Tun kafin mota ta yawaita ma, likitocin Ingila a ƙarni na 19 sun sha fama da irin waɗannan koke-koken daga waɗanda haɗarin jirgin ƙasa ya ritsa da su. Kalmar tana bayyana irin motsin da wuya ya yi ne kawai. Ba ta faɗin abin da ya ji ciwo a ciki, shi ya sa mutum biyu za su ɗauko suna ɗaya daga asibiti, ɗaya ya warware cikin kwana goma, ɗaya ya shekara yana fama.

Ga abin da ya faru da kai a danjar nan. Kan babban mutum yana kai kilo 4 da rabi zuwa 5, kuma yana zaune ne a kan ƙananan ƙasusuwa 7 da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Da motar ta buge ka, kujerarka ta tura bayanka da kafaɗunka gaba, kai kuwa bai san ana yi ba, yana nan inda yake. To a wannan ɗan taƙin, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, ƙasan wuyan ya lanƙwasa baya, samansa kuma ya lanƙwasa gaba, wuyan ya ɗauki siffar harafin S. Wuya ba ya yin wannan lanƙwasar a rayuwar yau da kullum, kuma masu bincike da dama suna ganin a nan ne ɓarnar take faruwa, tun kafin kan ya kai ga majinginar kujera. Bayan nan kan ya yi baya, ya dawo gaba, bel ya riƙe ƙirji. Duka-duka bai kai rabin daƙiƙa ba. Tsokokin wuyanka ba su samu zarafin ɗaurewa su kare ka ba, don kafin saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo an riga an gama.

Abubuwan da ke jin jiki a irin wannan fizga su ne tsokoki, da igiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, sai kuma wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bayan wuya, biyu-biyu a kowane hawa, girman kowace bai fi farcen yatsa ba. Hoton ƙashi, kamar yadda sunansa ya nuna, ƙashi yake gani. Raunin waɗannan da na lissafa galibi ba ya fitowa a cikinsa. Saboda haka in an ce hotonka lafiya lau, abin da ake nufi shi ne ƙashi bai karye ba, bai goce ba. Wannan babban albishir ne, amma bai ƙaryata ciwonka ba. Ka ɗauke shi a matsayin targaɗe. Wanda ya yi targaɗe a idon sawu, hoto ba ya nuna komai, amma ba wanda zai ce masa ya tashi ya yi gudu. Bambancin kawai shi ne idon sawu yana kumbura kowa ya gani, wuya kuwa nasa yana ciki.

Maganar bamba kuma, girman lotsewar mota ba ma'auni ba ne mai kyau na abin da wuya ya sha. Yadda kake zaune, ko kanka yana juye gefe kana kallon madubi, nisan majinginar kai daga ƙeyarka, ko ka hango motar kafin ta iso, duk suna da tasiri. Mata ma sun fi maza saurin samun wannan rauni a bugu iri ɗaya.

Kwanan da ciwon ya yi kafin ya bayyana, shi ne ya fi ruɗa mutane, alhali haka aka saba gani. A lokacin haɗari jiki yana cike da sinadaran firgici masu danne zafi. Kumburin cikin nama kuma a hankali yake taruwa, sai bayan awanni, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, sannan tsokoki su ɗaure don kare wurin. Mu a wurinmu jinkirin nan alama ce mai kwantar da hankali. Wanda ƙashin wuyansa ya karye galibi nan take yake ji.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka ta ko hoto ya tsallake wani abu. Akwai wata ƙa'ida da likitocin gaggawa na Kanada suka fitar a 2001, wadda asibitoci da yawa a duniya ke bi wajen tantance wanda ke buƙatar hoton wuya bayan haɗari. Abubuwan da ke tayar da hankali a cikinta su ne shekara 65 zuwa sama, da jin mindirya a hannu ko ƙafa, da haɗari mai muni irin kifewar mota, ko cillo mutum waje, ko gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ko faɗowa daga tsayin da ya wuce mita ɗaya. Masu kwantar da hankali kuwa su ne bugu ta baya mara tsanani, da cewa mutum ya yi tafiya da ƙafarsa bayan haɗarin, da cewa ciwon bai zo nan take ba, da rashin zafi in an danna tsakiyar ƙashin wuya ta baya. In mutum ba shi da ko ɗaya cikin masu tayar da hankalin, ya samu ko da ɗaya daga cikin masu kwantar da hankalin, kuma ya iya juya kansa digiri 45 dama da hagu, yiwuwar karaya mai hatsari ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Duba labarinka: shekara 38, bugu ta baya kana tsaye, ka fito da ƙafafunka, ciwo ya zo washegari, ga kuma hoto a kai. Ban duba ka da hannuna ba, kuma amsa a rubuce ba ta maye gurbin gwajin likita, amma duk abin da ka faɗa yana nuni ga raunin nama.

A 1995 wani kwamitin masana a lardin Kwibek na Kanada ya kasa wannan rauni mataki-mataki, kuma har yau da shi muke aiki. Mataki na 1 ciwo ne da sanƙarewa kawai, likita bai ga komai a gwaji ba. Na 2 akwai ragin juyawar wuya da wuraren da ke zafi in an danna. Na 3 jijiyar laka ta taɓu, hannu ya yi rauni ko ya mutu a wani sashe. Na 4 shi ne karaya ko gocewar ƙashi. Mafi yawan mutane suna 1 ko 2 ne, kuma ina kyautata zaton kana na 2.

Duk da haka akwai alamomin da in ka ga ɗaya, ka ajiye wannan amsar tawa ka nufi sashen gaggawa a ranar. Hannu ko ƙafa su yi rauni, ko abu ya riƙa suɓuce maka, ko ka kasa ɓalla maɓallin riga. Mindirya ko mutuwar jiki da ke yaɗuwa, musamman a hannu biyu. Tafiya ta canza kana tangaɗi. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninka ba. Ciwon kai sabo mai tsanani wanda bai yi kama da na kwanakin nan ba, ko amai a kai a kai, ko ruɗewa, ko barcin da ake tashinka da ƙyar. Sai kuma wani rukuni da ba a cika ambata ba: ganin abu biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, fatar ido ɗaya ta sauko, haɗiya ta yi wuya. Waɗannan na ƙarshe na iya nuna cewa bangon ɗaya daga jijiyoyin jinin da ke bi ta wuya zuwa ƙwaƙwalwa ya tsage, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki, kuma yakan bayyana kwanaki ko makonni bayan haɗarin. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ba a kwana da shi a gida.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to ciwon kan da ke damunka mai yiwuwa wuyan ne ke haifar da shi. Jijiyoyin da ke fitowa daga hawa uku na saman wuya suna haɗuwa da jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska da goshi a wuri ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta kasa bambance inda saƙon ya fito. Shi ya sa ciwon ke tashi daga ƙeya ya hau kai har bayan ido. Wasu suna jin ciwo tsakanin allunan kafaɗa, wasu muƙamuƙi, wasu jiri in sun juya da sauri, wasu ƙara a kunne, wasu mantuwa da saurin fushi. Rashin barci na cikin abin da ke kawo mantuwar nan. Amma in kanka ya bugu da wani abu, ko ka suma ko na ɗan lokaci, ko akwai wani ɓangare na haɗarin da ba ka tuna shi, ka gaya wa likita, don girgizar ƙwaƙwalwa takan zo tare da fizgar wuya kuma kulawarta daban ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka: kwalar nan.

Akwai wani bawan Allah da ya taɓa shigo mini wata biyu bayan irin haɗarinka. Na kira sunansa daga gefe, sai ya juyo da dukan jikinsa, kafaɗa da ƙugu da ƙafa, kamar an sassaƙa shi daga itace ɗaya. Kwalar ta yi baƙi da gumi, ƙarƙashin haɓarsa duk ƙuraje. Da na gama gwada ƙarfin hannayensa da jijiyoyinsa na ga komai daidai, na ce ya kwanta rigingine mu cire ta. Ina ɓalle ta sai ya sa hannu biyu ya tallafe kansa, alhali kan yana kan matashi. Na ce ya bi yatsana da ido kawai. Ya bi. Na ce to hanci ma ya bi. Ya juya kaɗan, ya tsaya yana jiran wani abu ya ɓalle. Da ya ga shiru sai ya ƙara. Kafin ya tashi daga gadon ya juya fiye da rabin hanya ta kowane gefe, yana dariya yana share ƙwalla. A ranar ban warkar da komai a wuyansa ba. Naman ya riga ya yi nisa da warkewa, tsoro da kwala ne suka riƙe shi.

Jin da kake yi kamar kanka zai faɗi in ka cire ta, kwalar ce ta jawo shi. Mako uku tana yi wa tsokokinka aikinsu, su kuma sun saki jiki, sun yi rauni, ƙananan gaɓoɓin sun ƙage. Kwalar soso ma ba ta hana wuya motsi sosai, aikinta mafi girma shi ne tuna maka kowane minti cewa kai majinyaci ne. Da can haka ake yi wa kowa, hutu da kwala. Bincike ne ya juya lamarin. A 1998 aka wallafa wani gwaji daga ƙasar Nowe, inda aka raba mutum kimanin 200 da suka samu wannan rauni gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su kwala da hutun aiki na kwana 14, ɗaya kashin aka ce su ci gaba da harkokinsu kamar yadda suka saba. Bayan wata 6, waɗanda suka ci gaba da harkokinsu su ne suka fi samun sauƙi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ma ba su nuna wata fa'ida ta daɗewa da kwala ba. Ni ra'ayina, ba da ita ga mai mataki na 1 ko na 2 ba tare da faɗa masa ranar cirewa ba kuskure ne, kuma har yau ana yinsa. In likitan da ya duba ka ya ba ka wani dalili takamaimai na ci gaba da sakawa, ka koma ka tambaye shi. In kuwa don "a huta da wuyan" ne kawai, to lokacin rabuwa ya yi.

Kada ka yar da ita dare ɗaya. Yau ka cire ta awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, kana zaune a kujera mai majingina. Gobe ka ninka. Cikin kwana huɗu ko biyar ka daina sakawa da rana, sannan ka daina kwana da ita. Kwanakin farko wuyan zai gaji, ƙila ciwon ya ɗan ƙaru. Gajiyar tsokar da ta koma aiki ce.

Motsin da nake so ka fara ba shi da wahala. Ka kwanta rigingine, ko ka zauna a miƙe kafaɗu a sake. Juya kai dama a hankali kamar mai leƙa bayansa, har inda ka ji ya fara ja, ka ɗan tsaya, ka dawo, ka yi hagu. Sai ka karkata kunne wajen kafaɗa ba tare da ɗaga kafaɗar ba. Sai ka sunkuyar da kai ka ɗago. Kowanne sau 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a yini. Akwai ɗaya da ya fi su amfani, kuma shi mutane suka fi yi ba daidai ba: kana kwance, ka ɗan gyaɗa kai kamar mai cewa "to" a asirce, haɓa ta matso wajen maƙogwaro kaɗan, ƙeya ba ta bar matashi ba. Riƙe na daƙiƙa 5 zuwa 10. Sa yatsu a gefen wuyanka, in ka ji manyan tsokokin nan sun yi tauri kamar igiya, ka yi da ƙarfi da yawa, sassauta. Ƙananan tsokokin da ke can ciki gaban ƙashin wuya ake nema, su ne ke riƙe kai, kuma su ne suka fi yin sanyi bayan irin wannan rauni. Ka haɗa da jan allunan kafaɗa baya da ƙasa a hankali, da tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 kullum, hannaye suna lilo.

Ma'aunin da za ka bi shi ne wannan: ciwon da ya ɗan tashi yayin motsi ya kuma lafa cikin awa ɗaya ko biyu, ba komai, ci gaba. Wanda ya kwana da kai har washegari ya fi na jiya, ka yi yawa, rage adadin amma kada ka daina. Wanda ya harba zuwa hannu da mindirya, ko ya zo da jiri mai ƙarfi, dakata ka nemi a duba ka. Sannu ba ta hana zuwa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya wayi gari da sauƙi ya ce bari ya biya bashin mako uku a yini ɗaya, ya kwanta kwana uku, daga nan ya yanke cewa motsi ne ke cutar da shi.

Aiki ka koma, ko da rabin yini ne da farko. In na zama ne gaban kwamfuta, ka ɗaga allon ya yi daidai da idonka, ka miƙe duk bayan rabin awa. Wuyan da ya ji ciwo ya fi ƙin daɗewa a wuri ɗaya fiye da motsi, kuma sunkuyawa a kan waya na cikin abin da ya fi tayar da shi. Kaya masu nauyi da aikin ɗaga hannu sama ka jinkirta su, ka dawo da su a hankali. Tuƙi kuwa sai ranar da za ka iya leƙa bayanka ta kowane gefe da sauri ba tare da tunani ba, kuma ba a tuƙi da kwala. Wajen kwanciya, matashi ɗaya wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa in kana kwance ta gefe. Rubda ciki ka bar shi tukuna, don yana murɗe wuya dare guda. Tawul mai ɗumi a dokin wuya na minti 15 kafin motsa jiki da kafin barci yana taimakon mutane da yawa.

Magani amfaninsa ya rage zafi har ka iya motsi da barci. Farasitamol ga babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ka duba kada wani maganin mura da kake sha ya ƙunshi shi. Aibufurofin da danginsa suna taimako na ɗan lokaci, amma mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mace mai ciki, sai da izinin likita. Tiramadol da makamantansa ban ga wurinsu a mako na uku na irin wannan ciwo ba, shiga da sauƙi, fita da wuya. Ka kuma lura: shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, in ya ɗore, shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum.

Za a ba ka shawarar ka je a murɗa maka wuya ya yi ƙas. Ni ba na ba da wannan shawarar ga wuyan da bai daɗe da shan fizga ba. Sauƙin da ake samu gajere ne, ga kuma waɗancan jijiyoyin jini da na ambata suna bi ta cikin ƙasusuwan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tausa mai laushi da motsa gaɓa a hankali a hannun wanda ya san aikin ba laifi, muddin ƙari ne a kan motsin da kake yi da kanka. Haka nan kada ka shiga farautar hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna nama da jijiya da faifai, don kawai ciwo bai tafi a mako uku ba. In aka ɗauki masu shekarunka da ba su taɓa ciwon wuya ba aka saka su a na'urar, da yawansu za a ga faifansu ya fara bushewa ko ya ɗan turo. Sai ka karanta rahoton, ka ɗora wa haɗarin abin da shekaru suka yi, ka ƙara tsorata. MRI na da wurinsa in akwai alamun jijiya, ko in likita ya ga wani abu a gwaji da bai gamsu da shi ba.

Yaushe za ka warke? Ba zan yi maka alkawarin rana ba. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne cikin wata biyu zuwa uku na farko, kuma mutane da yawa suna komawa daidai a wannan tsakanin. Kana mako na uku, kana tsakiyar lokacin da jiki ke aikinsa. Sai dai gaskiyar da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba ita ce, a bitar bincike da wani babban kwamitin ƙasa da ƙasa kan ciwon wuya ya fitar a 2008, kusan rabin waɗanda suka samu wannan rauni sun ce suna jin wani abu a wuyansu bayan shekara guda. Ga akasarinsu ɗan ciwo ne mai zuwa ya tafi wanda bai hana su komai ba. Kaɗan ne ke zama da ciwon da ya canza musu rayuwa.

Abin da ke hasashen wanda zai daɗe shi ne abin mamakin. Saurin motar da yawan lotsewarta ba su faɗin abu mai yawa. Abin da ya fi faɗa shi ne tsananin ciwon a kwanakin farko, da yadda ya hana mutum harkokinsa, da abin da mutum ke tsammani game da warkewarsa, da kuma ko firgicin haɗarin ya zauna masa a rai. Ka ce barci ya gagare ka, ban sani ba ko ciwo ne ko tunani. Ka tambayi kanka: kana mafarkin haɗarin? In ka tsaya a danja, idonka na kan madubi, gabanka na faɗuwa duk motar da ta matso? Kana kauce wa hanyar? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma a makonnin farko wannan ba abin kunya ba ne. Amma jikin da ke zaune cikin shirin ko-ta-kwana yana ɗaure tsoka, yana hana barci, yana kuma ƙara wa jijiyoyin ciwo kaifi, har abin da bai kai ya yi zafi ba ya riƙa yi. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2019 ya nuna cewa masu irin wannan firgici da aka koya musu dabarun sarrafa damuwa tare da motsa jiki sun fi waɗanda aka ba motsa jiki kaɗai samun sauƙi. In abin ya wuce wata guda bai ragu ba, ka faɗa wa likita da bakinka, kada ka jira ya tambaya.

'Yan gidanku ba su ne suka fara zargin raki ba, masana ma sun daɗe suna wannan muhawara. A 1996 wani bincike a ƙasar Lituweniya, inda a lokacin inshorar rauni ba ta yaɗu ba, ya duba mutum kimanin 200 da aka buga ta baya shekara ɗaya zuwa uku kafin nan, bai ga sun fi sauran jama'a ciwon wuya ba. A lardin Saskachewan na Kanada kuma, da aka sauya dokar inshora a 1995 aka daina biyan diyyar raɗaɗi, tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a rufe fayil ɗin mai rauni a kamfanin inshora ya ragu da kusan rabi. Wasu suka ɗauki wannan hujjar cewa duk ƙarya ce. Ni ban karanta shi haka ba. An soki binciken Lituweniya da ƙarancin mutane, rufe fayil kuma ba shi ne warkewa ba. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a Ostireliya a shekarun 1990 sun yi wa masu daɗaɗɗen ciwon allurar kashe zafi daidai kan jijiyoyin waɗancan ƙananan gaɓoɓin bayan wuya, ciwon ya ɗauke a kusan rabinsu, wanda ke nuna akwai tushe a jiki. Abin da na ɗauka daga duka biyun shi ne raunin gaskiya ne, amma mutumin da aka tilasta wa tabbatar da ciwonsa kullum, ga kamfanin inshora ko ga 'yan gidansu, yana shan wahalar sakinsa. Ka nuna musu wannan amsar, sannan ka bar musun.

In ka kai mako shida kana yin abin da na faɗa kuma ba ka ga ana ci gaba ba, ka je wurin likitan fisiyo ya gwada ka, ya tsara maka motsin da ya dace da kai. Da ma in da hali ka je tun yanzu, ko sau ɗaya ne, don a tabbatar kana gyaɗa kan nan daidai. In an haura wata uku, a sake duba lamarin gaba ɗaya: barci, firgici, magungunan da kake sha, yanayin aikinka. Ga 'yan kaɗan da gwajin allura ya tabbatar gaɓar bayan wuya ce tushen ciwonsu, akwai aikin da ƙwararrun likitocin ciwo ke yi na ƙona ƙaramar jijiyar da ke kai saƙon, yana ba da sauƙi na watanni, sannan jijiyar ta sake tohowa. Tiyata kusan ba ta da wuri a nan sai in akwai matsewar jijiya ko ƙashin da ba ya zaune daram.

Kafin ka koma tuƙi, ka shiga motar tana tsaye, ka zauna yadda ka saba, ka ɗora tafin hannu a tsakiyar kanka ka miƙa shi baya. Saman majinginar kai ya kamata ya taɓa hannun, wato ya yi daidai da saman kanka. In a dokin wuya take, to ta zama abin da kai zai lanƙwasa a kansa ya yi baya. Sannan ka sa yatsu tsakanin ƙeyarka da ita: in sun wuce uku, ɗago bayan kujerar ya miƙe, ko ka matso da majinginar. Ka yi wa kujerar gefe da na baya haka, musamman in an taɓa cire nasu an jefa a but.